Tambayi Bakanike: An Ɗaga Mota, Taya Kuma Ba Ta Daina Gogar Bodi Ba

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, kusan duka daga masu akori-kura suke, kuma duka a kan ƙafar mota: an ɗaga ta, an sa manyan tayoyi, an sauya wili, sai wani sabon ciwo ya ɓullo. Na tsinci guda shida. Ta farkon ce za ta ci mana fili, don amsarta ce gindin sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Hilux ƙirar 2018 mai jan ƙafa huɗu. Na sa an ɗaga ta inci 2 gaba da baya, na cire tayoyinta na kamfani 265/65R17 na sa 285/70R17 a kan sababbin wili masu faɗin inci 9, waɗanda aka rubuta ET0 a bayansu. Kyau kam ta yi. Amma in na karya sitiyari har ƙarshe, musamman a ribas, sai in ji gurrr daga ƙafar gaba. Bakanikena ya ce a ƙara ɗaga ta inci 1, za ta daina. In ƙara? Daga mai farar Hilux.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ƙara. Za ka kashe kuɗi, ƙarar nan kuma tana nan tana jiranka, sai dai ta sauya wurin da za ta kama ka.

Ka ɗauka wani ya sayo gado ya ƙi shiga ta ƙofar ɗaki, sai aka ba shi shawara ya ƙara wa rufin ɗakin tsawo. Abin da bakanikenka ya ce ke nan. Tayarka ba sama take taɓawa ba. Gefe take taɓawa, can bayan ramin tayar, wajen robar tare taɓo da kuma ƙarfen nan da bodi ke zaune a kansa bisa shasi. Ɗagawa sama take ba ka fili, ba ta ba ka gaba da baya.

Shi ma filin saman aro ne. Ƙafar gaban Hilux tana rataye ne a hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, tana hawa da sauka tsakanin iyaka biyu. Iyakar sama wata ƙaƙƙarfar roba ce da hannun ƙasa ke bugawa in mota ta faɗa rami. Da ka sa dogon sifirin, wurin da ƙafar ke hutawa kawai ka sauya, robar nan tana inda kamfani ya ajiye ta. Ranar da ka sauka cikin kwari da kaya a baya, tayar za ta koma har inda take kaiwa kafin a ɗaga motar. Tayar da ba ta da fili a can, ba ta da fili ke nan, ko da a tsaye kana iya zura kanka tsakaninta da bodi.

To mu ɗauko tef. A rubutun 265/65R17, 265 faɗin taya ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, 17 kuwa girman wili ne a inci. In ka haɗa, tsohuwar tayarka tsayinta milimita 776. Sabuwar 831. Bambanci 55, wanda ya rabu biyu: kusan 27 ya tafi sama da ƙasa, haka nan kusan 27 ya miƙa gaba, 27 ya miƙa baya. Wannan na bayan shi ne rabin matsalarka.

Sauran rabin yana cikin ET0 ɗin nan da ka ambata kamar ba komai ba. ET shi ake kira ofset, tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne wa hob, wato ƙarfen nan mai kusoshi da ake ɗaura wili a kansa. Lamba babba tana tura wili ciki ƙarƙashin mota, ƙarama tana fito da shi waje, in ta koma ƙasa da sifili sai ka ga taya ta leƙo bayan bodi. Wilin kamfani na irin motarka yana wajen ET30. Ka koma sifili, ka fito da tsakiyar tayar waje da milimita 30. Sabuwar tayar kuma ta fi tsohuwar faɗi da 20, wato 10 kowane gefe. Kafaɗarta ta waje ta fito da milimita 40 ke nan.

Ga inda gizo ke saƙar. Taya ba a tsakiyarta take juyawa in ka karya sitiyari ba, tana lilo ne a kan layin bol-join na sama da na ƙasa, wato gaɓoɓin da ke ƙarshen hannuwan ƙafar nan biyu, kamar ƙyauren ƙofa a kan hinjinsa. Ƙyaure in ya ƙara faɗi, filin da yake sharewa a ƙasa ƙaruwa yake. Ka nesanta taya da hinjinta, ka kuma ƙara mata tsayi, shi ya sa kafaɗarta ke isa inda tsohuwar ba ta taɓa zuwa ba. A ribas kuwa robobin hannuwan ƙafa suna ɗan bayarwa ta wani gefen, milimita uku ko huɗun da suka rage maka sai su tafi.

Kafin a taɓa komai, nemo inda take ci. Karya sitiyari har ƙarshe, kashe mota, durƙusa da tocila. Wurin zai nuna kansa: baƙar roba ta yi sheƙi kamar an goge ta da mai, ko fenti ya kankare ƙarfe ya fito fari. In ba ka gani ba, shafa alli a wuraren da kake zargi, ka yi ribas ɗaya, ka duba inda allin ya goge. Ka kuma hau da ƙafa ɗaya kan tudu don ta matsu sama, ka sake karya sitiyari hagu da dama. Gwajin da aka yi a shimfiɗaɗɗen siminti mota ba kaya yaudara ce.

Daga nan a fara da mai sauƙi. Cire robar tare taɓo ko a rage ta. Robar da ke lulluɓe cikin ramin taya ana ɗumama ta da na'urar hura zafi a danna ta ciki, in ta huce ta zauna a haka. Sai a je saitin ƙafa, ka gaya wa mai saitin a ƙara kasta, wato karkatar layin bol-join ɗin nan zuwa baya, gwargwadon abin da motar ta yarda, ta wajen kusoshin saiti na hannun ƙasa. Wannan yana matsar da tayar gaba kaɗan, nesa da inda take goga. Ina ma zargin ba a yi maka saiti ba tun da aka ɗaga motar, don ɗagawa tana rage kasta, alamarsa kuma sitiyari ya riƙa yawo a kan hanya, ba ya komawa tsakiya da kansa bayan kwana. In duk wannan bai isa ba, to wilin ne bai dace ba. Mai faɗin inci 8 ko 8.5 da ofset wajen 15 zuwa 20 ya fi zama lafiya da wannan tayar, amma a gwada ɗaya tukuna a duba tazararta da hannun sama ta ciki, don kada a gudu ba a tsira ba. Yanke ƙarfen mazaunin bodi shi ne na ƙarshe, kuma aikin ƙwararren mai walda ne wanda zai rufe wurin da faranti ya yi masa fenti. Ba aikin yaro mai injin yanka da ƙarfin hali ba ne.

Ƙarin inci 1 ɗin fa? Shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga ƙafar gaba zai ƙara karkata, robarsa ta fara tsagewa tana watsa giris, bol-join na sama ya kusa ƙure iyakarsa, saukar ƙafar ta ragu har motar ta riƙa dukanka a kan gargada. Dubi masu yin abin nan da gaske. Kamfanin Arctic Trucks na ƙasar Aisland, wanda ke sa wa Hilux tayoyi masu inci 35 har 38, yawancin aikinsa faɗaɗa ramin taya ne da yanke bodi, ɗagawar kaɗan ce. Ford ma da ya fito da F-150 Raptor a kan tayoyi masu inci 35, sai da ya sauya hannuwan ƙafa ya kuma buɗa madigadi. Ba wanda ya tsaya ga dogon sifirin kaɗai.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Abokina ya cire wilin Ford Ranger ɗinsa zai ba ni kyauta in sa wa Hilux. Na ƙirga, duka ramuka shida ne. Ai shi ke nan ko? Daga ɗanka mai koyon harkar mota.

AMSA: Ɗana, shida ɗin gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ake ƙirgawa ba. Ramukan nan a kan da'ira suke zaune, da'irar kuma tana da girma. Ta Hilux milimita 139.7 ce, ta Ranger ma haka, ta Mitsubishi L200 ma haka. Nissan Navara ƙirar D40 da D23 tata 114.3 ce, Ford F-150 daga 2004 kuwa 135. Duka shida-shida. Ta Navara ba za ta ma shiga ba, don haka ba ta da haɗari. Mai haɗarin ita ce wadda ta kusa, irin 135 da 139.7, inda mai taurin kai zai iya tursasa notuna su lanƙwasa kusoshi.

A da'ira ka dace, a ramin tsakiya ne za ka faɗi. Hob ɗin Hilux yana son rami mai milimita 106.1, na wilin Ranger 93.1 ne. Ba zai zauna ba. Wani zai ce a kai wa mai injin gurza ya faɗaɗa. Ni ban yarda ba, don naman da za a cire shi ne ke riƙe da tsakiyar wilin. Ga shi kuma ofset ɗin Ranger yana wajen 55, zai tura tayar ciki har ta nemi hannun ƙafa. Ka yi wa abokinka godiya, ka bar masa kayansa.

Tunda ka ce koyo kake, bari in ƙara maka abin da ya taɓa cina. Wilin kasuwa yawanci ana yi masa babban ramin tsakiya don ya shiga motoci da dama, sai a cike tazarar da zobe. Wannan ba laifi. Laifin yana wajen noti. Wilin alminiyon da Toyota ke sa wa motocinsa noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da wosha yake so, yawancin wilin kasuwa kuwa ramukansu masu gangare ne, suna son noti mai tsinin gindi. Shekarun baya na sayi wili huɗu, aka ɗaura mini a wani shago da tsofaffin notunana, ni kuma ina can ina hira ban duba ba. Kwana na uku na fara jin ƙwas-ƙwas daga baya in na saki totur. Da na tsaya na kai hannu, noti biyu na ƙafar hagu da yatsa na juya su. Ramukan wilin sun zama kamar ƙwai, ga garin alminiyon ya yi toka-toka a kan kusoshi. Wilin nan bai sake hawa mota ba. Tun daga ranar, ba a ɗaura mini wili sai na kifa noti a cikin raminsa na ga yadda ya zauna.

Ka kuma ƙirga zagaye. Kusar Hilux kaurinta milimita 12 ne, kowane zagaye ɗaya na noti yana cin 1.5, don haka kana son aƙalla zagaye 8 cikakku kafin noti ya kama. In wili mai kauri ya cinye kusar har 5 kawai ka samu, kada ka hau. A ɗaure da sifana mai awo, da lambar da ke cikin littafin motar, ana tsallakawa daga noti zuwa na daura da shi, a kuma sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. Sai ka juya wilin ka nemi nauyin da aka rubuta zai iya ɗauka. Wilin da ba a rubuta masa komai ba, komai ƙyallinsa, ba na akori-kura ba ne.

TAMBAYA: Malam, tun da na sa tayoyi masu inci 35 a maimakon 31, motata ta mutu. Ba ta da ƙarfin tashi, a hawa giya sai neman kanta take, ga shan mai. Injin ne ya gaji? Daga wani direba.

AMSA: Injinka lafiyarsa lau, kai ne ka ƙara masa dawainiya. Taya ita ce giyar ƙarshe a mota. Daga 31 zuwa 35 ka ƙara kusan kashi 13 cikin 100, wato kamar kullum kana tashi da giyar da ta fi wadda ka sa tsawo. In haƙoran aksul ɗinka 4.10 ne, wato shaf ya juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya, yanzu aikin 3.63 suke yi. Lissafin gyaran ba wuya: 4.10 sau 35 a raba da 31, ya ba ka 4.63. A kasuwa 4.56 da 4.88 ake samu. Mai yawan doguwar tafiya ba kaya 4.56 ya ishe shi, mai ɗaukar kaya ko jan tirela ya ɗauki 4.88, don lissafin nan bai sa nauyin tayar a ciki ba, babbar taya kuwa tana iya fin ta kamfani da kilo 10 ko fiye, kowace ɗaya. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, gaba da baya ake sauyawa tare, lamba ɗaya. A sauya ɗaya a bar ɗaya, ranar da ka sa ta a ƙafa huɗu kan busasshiyar hanya za ka ji abin da ba ka so.

In giyarka mai sauya kanta ce, neman kan nan da take yi a hawa zafi yake tara mata, zafi kuma shi ke kashe irinta. In ta hannu ce, kuloci ke biyan bashin.

Batun mai, kashi biyu ne. Akwai shan gaske, saboda nauyi da iska da faɗin taya. Akwai kuma na ƙarya: agogon motarka zagayen taya yake ƙirgawa, bai san ka sauya ta ba. In ya ce ka yi kilomita 100, ka yi wajen 113. Don haka lissafin manka ya fi gaskiya muni, lokacin juyen baƙin mai kuma yana wucewa ba ka sani ba. Haka allurar gudu: tana kan 100, kai kana kusan 113. Gwada ta da taswirar wayarka a miƙaƙƙiyar hanya, sannan a saita ta, ko ta kwamfutar motar in tana karɓa, ko da ɗan akwatin gyaran gudu da ake haɗawa.

Zan faɗi abin da masu sayar da taya ba sa so. Inci 4 ɗin nan da ka ƙara, inci 2 kawai ya ɗaga ƙwaryar aksul ɗinka daga ƙasa. Gaskiya ne taya kaɗai ke iya ɗaga ta, sifirin ba ya yi, shi ya sa masu shiga duwatsu ke jure wahalar. Amma in tafiyarka kwalta ce da ɗan burji, 33 ta ishe ka, kuma da yawa suna zama da ita ba tare da taɓa aksul ba.

TAMBAYA: Malam, a jikin sabuwar tayata an rubuta 80 psi, a ƙofar mota kuma an rubuta ƙasa da rabin haka. Mai faci ya bi ta jikin taya, yanzu motar tsalle take kamar ƙwallo. Wanne zan bi? Daga mai karatu.

AMSA: Ba ko ɗaya kai tsaye. 80 ɗin iyaka ce, iskar da tayar ke buƙata in za ta ɗauki ƙarshen nauyin da aka yi ta dominsa. Tayarka irin mai LT ce a gaban lambarta, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, mai daraja E wajen jure nauyi. Na tabbata za ka ga 121 ko makamancinsa a jikinta, wato kilo 1,450 ga taya ɗaya. Akori-kurarka ba kaya ba ta ɗora wa kowace taya ko rabin wannan. Shi ya sa take tsalle, tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa, birki ma ya ragu.

Lambar ƙofa kuma an rubuta ta ne don tayar kamfani. Abin da mutane ke mamaki shi ne, tayar LT tana son iska fiye da tayar ƙaramar mota kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, duk da kaurinta. Hanyar da ta dace ita ce jadawalin nauyi da iska da kamfanonin taya ke fitarwa: ka duba nauyin da tsohuwar ke ɗauka a iskar ƙofa, ka nemi iskar da za ta ba sabuwar wannan nauyin. Sau da yawa yana faɗowa ɗan sama da lambar ƙofa. Sannan ka tabbatar da alli: ja layi a faɗin tayar, tuƙa mita 50 a miƙe, duba. Tsakiya kaɗai ya goge, iska ta yi yawa. Gefuna kaɗai, ta yi kaɗan. A auna da safe tayar tana sanyi.

Kada jin daɗin laushi ya ja ka ƙasa da kima. Taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka a guje har fatarta ta rabu. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan haɗurran da fatar taya ta riƙa ɓarewa, yawanci a motocin Ford Explorer, kuma ƙarancin iska yana cikin abubuwan da aka yi ta muhawara a kai. Daga wannan ne dokar ƙasar ta wajabta na'urar gargaɗin iska a sababbin motoci. In motarka tana da ita, a tuna a mayar da ƙananan na'urorin cikin sabon wili.

TAMBAYA: Malam, ni ce ke tuƙa motar gidanmu yawancin lokaci. Tun da maigidana ya ɗaga ta ya sa wili masu inci 20 da manyan tayoyi, ina jin kamar za ta kife a kwana, birki ma sai na taka da ƙarfi. Ya ce sabo ne. Daga wata uwargida.

AMSA: Hajiya, ba sabo ba ne, jikinki gaskiya ya gaya miki. A gai da maigida, a ce in ji ni.

Ɗagawa da tsayin taya sun haɗu sun kai nauyin motar sama, mota mai nauyi a sama kuwa ta fi kwantawa a kwana, ta kuma fi kusa da kifewa in aka kauce wa wani abu a guje. Birkin ma lissafi ne. Farantin birki yana nan yadda yake, amma tayar da yake ƙoƙarin tsayarwa ta ƙara tsayi da nauyi, kamar ki riƙe doguwar sanda ta gindi wani yana janta ta ƙarshe. Na'urar da ke hana mota zamewa kuma an saita ta ne da tayar kamfani. Abin yi yanzu: a duba ko ba a cire sandar nan mai hana tangaɗi ba lokacin ɗagawa, don wasu suna kwance ta su manta, a duba ko shokazoba ta dace da sabon tsayin, a sa takalmin birki mai kyau da sabon man birki, a kuma sake saita fitilun gaba don yanzu idon mutane suke haskawa. Ke kuma ki ƙara tazara tsakaninki da na gabanki, ki rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.

Wilin inci 20 ado ne. A taya mai tsayin inci 33, wili 17 yana bar miki inci 8 na roba tsakanin ƙarfe da ƙasa, 20 yana barin 6.5. Robar nan ita ke shanye rami, ita ke kare bakin wili daga dutse. Da ni ne, 17 zan koma, muddin ya wuce kan kalifar birki, wato ƙarfen da ke matse farantin birki.

Sannan ya binciki dokar inda kuke da kuma kamfanin inshorarsa. Ƙasashe da yawa ba su yarda taya ta leƙo bayan madigadi ba. A Jamus sai wili yana da takardar amincewa ko masu binciken mota sun duba shi, a Ostareliya akwai iyakar da aka sa wa ƙarin tsayin taya da ɗagawa. Inshora kuma tana iya noƙewa ranar biya in ba a sanar da ita sauyin ba.

TAMBAYA: Oga, kuɗina na tayoyi huɗu ne kawai. Zan iya barin tsohuwar safaya? Daga mai lallaɓawa.

AMSA: Za ka iya, in ka san iyakarta. Ƙaramar safaya a gefe ɗaya da babbar taya a ɗaya gefen na nufin ƙananan haƙoran cikin ƙwaryar aksul za su yi ta juyawa ba hutu, kamar motar tana cikin kwanar da ba ta ƙarewa. Zuwa wurin mai faci a hankali, ba komai. Doguwar tafiya, a'a. Kada ka sa ƙafa huɗu da ita, kada ka kulle aksul. In ta baya ce ta fashe, kuma bayan ne ke jan motar, gara ka ɗauko babbar taya daga gaba ka mayar baya, ƙaramar ta zauna a gaba, ka tafi sannu don sitiyari da birki za su riƙa ja gefe ɗaya.

Ranar da ka samu kuɗin ta biyar, auna gurbinta na ƙarƙashin bodi tukuna. Sau da yawa 33 da ƙyar take shiga, 35 kuwa sai ta koma cikin bodi ta cinye maka wurin kaya. Duba shekarun tsohuwar ma: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin mako na 23 a 2018.

Yau ɗin nan kuma, a gida, fito da jak ɗin motar ka gwada ɗaga ƙafa ɗaya har ta bar ƙasa. Jak ɗin kamfani tsayin motar kamfani aka yi masa, da yawa yana ƙurewa tayar tana nan zaune daram. In haka ne, nemi dogo, ko ka ajiye faffaɗan katako mai kauri a bayan kujera. Gwada sifanar taya ita ma a kan sababbin notunan, don ramukan wilin kasuwa sukan yi ƙunci, kan sifanar kamfani ya ƙi shiga.